Ranin da Ban Kai Taki Gona Ba

A wajenmu, can ƙasar Tsanyawa, gona ba ta hutawa. Ba mu da dajin da za a ce a bar wannan ta sha iska a koma waccan. Inda tawa ta ƙare nan ta wani ta fara, kuma wadda nake nomawa ita ubana ya noma, ita kakana ya noma. Abin da ya hana ta mutuwa abu ɗaya ne, taki. Tun ina ƙarami aikin ke nan. Dabba ta yi kashi a turke, a share, a haɗa da tokar murhu da sharar tsakar gida, a tara a juji. In rani ya yi nisa a ɗaura wa jaki mangala a yi ta jigila, ana zubawa tsibi-tsibi a gona, har ruwa ya sauka a baje. Bayana a wannan aiki ya tafi, gwiwata ma ta bi shi.

Kuma da taki muke gane halin da mutum yake ciki. In ka bi hanyar gona da bazara ba sai an gaya maka komai ba. Wadda ka ga tsibinta kusa da kusa, baƙi ƙirin, mai ita yana tsaye da ƙafarsa. Wadda ka gani fayau kuwa, ko mai ita ya rasu, ko yana kwance, ko ya matsu yana neman wanda zai karɓe ta. A cikin rumbuna akwai wani tsagi a jikin bango, tun zamanin babana. In dammunan gero da dawa suka kai wannan tsagi, gidan zai ga wata kakar ba tare da an je awo ba. In ba su kai ba, ba su kai ba. Na faɗi wannan tun yanzu don a san girman abin da ƙanena ya roƙe ni.

Ƙanena magini ne. Tun yana saurayi ya ajiye fartanya ya bi masu bulo da siminti, sai dai iyalinsa suna nan gida ɗaya da mu. Wata shekara ya yi aiki a gidan gonar wani mai hali wajen Gezawa, ya dawo ana gab da shuka. Ya same ni a turke da safe ina kwashe kashin shanu.

Ya ce, "Yaya, wannan kashin nake so."

Na ce, "Ga shi nan. Da miya za ka ci ko gaya?"

"Ba wasa nake ba. Duka nake so, na kullum, ɗanye, kafin rana ta taɓa shi."

Ya tsuguna yana zane a ƙasa da tsinke. Wai rami ake ginawa a rufe shi ruf, a dama kashi da ruwa a riƙa zuba masa. Wai in ya ruɓe a ciki wata iska yake fitarwa mai kama wuta, kuma wannan iska tana tayar da janareta kamar yadda fetur yake yi. Wai da hannunsa ya gina irinsa.

Na san inda ya dosa. Rijiyar gidanmu tana da zurfi. Ni nake jan ruwan dabbobi, matata tana jan na gida, matar ƙanena kuma a lokacin goyo ne da ita da ciwon baya. 'Ya'yanmu mata sun yi aure, mazan suna birni. Turakun lantarki sun daɗe da isowa garinmu, amma tsuntsaye kawai wayar take yi wa amfani. Ƙanen nawa ya taɓa sayo injin jan ruwa da ƙaramin janareta, muka ji daɗi na ɗan lokaci, sai fetur ya fi ƙarfinmu. Aka lulluɓe janaretan da buhu a zaure, kaji suka mai da shi wurin kwana. Muka koma guga.

Na ce masa, "Gonar fa, me za ta ci?"

"Ai ramin yana mayar maka da abinka. Abin da ka zuba yana fitowa ta ɗaya gefen. Sun ce ya ma fi kyau."

"Su wa suka ce?"

"Waɗanda suka koya mana ginin."

"Sun taɓa noma gero?"

Ya koma kan zanensa a ƙasa. Na ci gaba da shara.

Bai bar ni ba sai da ya ja ni muka je. Muka hau bas zuwa Kano, muka sake wata zuwa Gezawa, gwiwata tana ta ƙara. Ban ga wani abin kallo ba da farko. Tudun siminti ne kamar an kife ƙatuwar ƙwarya a ƙasa, da bututu yana fita daga tsakiyarsa. Amma a gefe ga janareta yana ta kuka, kuma na zagaya shi sau biyu ina neman jarkar mai ban gani ba. Mai kula da wurin ya ga ina sunsune-sunsune, ya yi dariya ya buɗe mini tankin. A bushe yake, har da ƙura a ciki. Na bi bututun da ido tun daga bakin injin har zuwa tudun simintin, na bi daga tudun zuwa garken shanu. Babu wani abu a tsakani. Na ce a raina, to, akwai abin da ban sani ba.

Duk da haka na yi tambayata. Na nuna baƙin ruwan da yake malala ta bayan ramin na ce, "Wannan, gero yana cin sa?" Ya ce su ba sa noma gero, ciyawar shanu suke shukawa, kuma tana kyau. Na ce ciyawa ai ko a kan bola fitowa take. Muka dawo gida ban samu amsa ba.

Abin da ya karya ni ba maganar ƙanena ba ce. Wata safiya ce na shigo daga gona na tarar da matata a bakin rijiya ta take igiya da ƙafa, guga yana rataye a tsakiyar rijiya, tana jiran kafaɗarta ta sake ta. Da ta gama ta zo ɗaura ɗankwali, da hannu ɗaya ta ɗaura, ɗayan ya ƙi ɗaguwa. Ba ta san ina kallo ba. Da na gaya mata na yarda a gina ramin, faɗa ta yi mini.

Ta ce, "Malam, kada ka bar gona da yunwa saboda ni. Ni ban ce na gaji ba."

Na ce, "Ni na gaji."

Na ce wa ƙanena shekara ɗaya na ba shi. Kashin awaki da toka na riƙe, amma wannan iyakarsa 'yar gonar bayan gida. Babbar gona, wadda take cika rumbu, da kashin shanu take rayuwa, kuma shi na sallama. Tun cikin damina ya fara tara shi a wani rami yana rufewa don kada ya bushe, domin cikawar farko tana cin kashi da yawa. Wurin da jujina yake zama ya koma fili, yara suna wasa a kai.

Da ruwa ya ɗauke aka yi ginin a bayan turke. A nan taubashina ya samu abin yi. Ɗan ƙanwar babana ne, tare muka tashi, gonarsa ce take iyaka da tawa ta yamma, kuma tun muna yara bakinsa bai taɓa raga mini ba. Ya zo ya tsaya a kan ginin hannu a baya.

Ya ce, "Ashe da gaske ne. An ce ka gina wa shanunka masai da siminti."

"An gaya maka daidai."

"Kai kana tsuguno a kan itace, su an yi musu na 'yan birni. Buta fa, ka saya musu?"

"Taka zan ara, tunda ba amfani kake da ita ba."

Aka cika ramin, aka ƙara da abin cikin tumbin sa da ƙanena ya karɓo wurin mahauta, wai shi ne kamar tsamin da ake sa wa nono. Aka rufe. Sai sanyi ya shigo, ramin ya yi shiru. Kullum da safe a dama kashi a zuba, kullum ƙanena ya kunna ashana a bakin tiyo, iska ta hure ta. Ya ce ramin kamar cikin dabba yake, ba ya son sanyi. Ya lulluɓe shi da kara da tsofaffin buhuna. Ni dai ina ganin kashin shanuna yana shiga ƙasa kamar ana binne shi. Taubashina kuwa in mun haɗu a masallaci sai ya tambaye ni ya mai jiki.

Sai da sanyi ya ja baya. Wata hantsi ina ba shanu harawa ƙanena ya kira ni da wata murya da ban san shi da ita ba. Na same shi riƙe da tiyo.

"Yaya, kawo hannunka."

Ban ga komai a bakin tiyon ba, rana ta haske ko'ina. Na miƙa hannu, na janye da sauri, gashin bayan yatsuna ya ƙone. Ya ja tiyon zuwa inuwar katanga, sai ga ta. Wuta ce shuɗiya, siririya, tsaye cak, ba hayaƙi, ba ƙauri, ba ta cin komai da ido zai gani. Ni na san wutar kara, na san ta itace, na san ta busasshen kashin shanu mai hayaƙin da ke sa hawaye. Wannan ban san ta ba. Kuma daga abin da na kwashe da hannuna ta fito, jiƙaƙƙe, wanda ko a murhu ka jefa shi kashe wutar zai yi. Na tsuguna ina kallonta har ƙafata ta yi sanyi.

Injin bai tashi ranar ba. Sai da aka tara iskar a cikin wata ƙatuwar robar tayar tarakta, ta kumbura kamar saniyar da ta ci ɗanyen ganyen wake. Sai da ƙanena ya cika wani gwangwani da tsattsar ɓarɓashin ƙarfe daga maƙera, iskar tana ratsawa ta ciki, wai yana tace mata abin da ke cin inji. Ya kori kaji daga kan janareta, ya wanke shi, ya sauya masa wani ɗan ƙarfe a bakin da yake shan mai. Ranar da za a gwada ya sa ni na buɗe tankin da kaina na leƙa, don kada gobe in ce ya yi mini dabara. Ya ja igiya, injin ya yi tari ya mutu. Ya ja, ya mutu. Ya murɗa wani abu, ya yi bisimilla ya sake ja, sai ya kama. Ƙwan fitilar da ya rataya a jikin darbejiya ya kawo haske da rana tsaka.

Ban kula da ƙwan sosai ba, tiyon rijiya nake kallo. Yana kwance a ƙasa kamar mataccen abu, sai ya motsa. Ya yi atishawa, ya tofar da iska da laka, sai ruwa. Ruwa mai kauri kamar damtsen yaro, yana zuba cikin daro ba wanda ya sunkuya, ba wanda ya ja komai. Matata ta fito daga ɗakin girki da muciya a hannu. Ta tsaya. Ta matso ta tara hannun nan nata mai ciwo a ƙarƙashin ruwan, ta bar shi yana dukan sa.

Can ta ce, "Malam, wannan ruwan ya halatta a yi alwala da shi?"

Ƙanena ya fashe da dariya. Ni ban yi ba, don ni ma abin ya zo mini. Da la'asar na tambayi liman, ya ce ruwan rijiya ne ai, kashin bai taɓa shi ba, kuma ko ya taɓa, kashin dabbar da ake cin namanta ba najasa ba ne. Sai ya rage murya ya ce gobe da wane lokaci ake tayarwa, yana so ya gani.

Amma abin da ya tsaya mini a rai ranar shi ne da aka ja daron gaban shanu. Babban sana, farin, ya sa baki yana sha. Ina tsaye ina kallonsa. Jiya ya ci harawar gonata, ya yi kashi, kashin ya zama wuta, wutar ta shiga rijiya ta ɗebo masa ruwa. Yana cikin sha ya ɗaga wutsiya ya sake yin wani. Shi bai san ya yi komai ba. Na ce Allah mai iko.

To daɗin ya tsaya nan, domin rani ya yi nisa. Injin ba ya daɗewa, iskar da take taruwa iyakarta a cika tankin ruwa da safe, a ɗan cusa wa wayoyi wuta, a kunna ƙwai zuwa isha'i. Mun gode. Amma ta bayan ramin abin da aka yi mini alkawari ya fara fitowa, kuma da na gan shi gabana ya faɗi.

Taki na gari ana sanin sa. In ka cusa hannu cikin juji za ka ji zafi kamar cikin tukunya. Yana da wari mai hawa kai, ƙudaje suna binsa, kaji suna tona shi. Wannan kuwa baƙin kunu ne, sanyi ƙalau. Na sunsuna, ƙamshin ƙasar da aka yi wa yayyafi kawai na ji. Na zauna a gefensa ina jira in ga ƙuda ya sauka. Ko ɗaya. Na ce shi ke nan, an tsotse shi. Hankali ma ya ba ka, in ka cire wuta daga itace toka ce take saura. Abin da ƙuda ya raina, me gero zai samu a ciki?

Kuma ba ya shiga mangala. Ƙanena ya gina masa wasu ramuka biyu ya rufe da zana, ya ce kada a kai shi gona sai ruwa ya sauka, in ba haka ba rana za ta shanye ƙarfinsa. Na ce wane ƙarfin. Ya ce, "Yaya, shekara ɗaya ka ba ni, ba ta cika ba."

Sai jigila ta fara. Tun asuba ka ji kofaton jakuna suna wucewa ta ƙofar gida, da masu kora suna gaisawa. Jakina yana ɗaure yana kallona, ina kallonsa. Gonaki suka yi ɗigo-ɗigo baƙi har iyakar gani, tawa a tsakiya fari fat. Na daina bin wannan hanya. Mutane suka fara yi mini wata irin gaisuwa, a hankali, suna duba fuskata. Wata rana bayan sallar Juma'a wani dillali daga kasuwar Tsanyawa ya ja ni gefe, ya yi ta zagaye-zagaye, sannan ya ce in akwai wata matsuwa kada in ji nauyi, yana da mutum mai son gonar, ko jingina ce. Gonar ubana. Ban san abin da na ce masa ba, amma bai ƙara gaishe ni ba sai bayan Sallah.

Da na ƙarfafa zuciya na je gonar, sai na tarar da tsibin taki jere a gefen yamma, tun daga bakin hanya har gindin kuka, a cikin iyakata. Na san kashin, na san zubin. Na sami taubashina a gonarsa yana gyaran mangala.

Na ce, "Jakinka ya makance ne? Ya zuba a gonata."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Ɓatan kai ya yi."

"Har sau nawa?"

"Kai, rabu da ni. Uwata a gonar nan aka goye ta. In kai ka haukace, ni ba zan riƙa wucewa ina ganin gonar tsirara ba."

Ba dariya a muryarsa. Na san abin da ya zuba mini daga bakin tasa gonar ya cire. Na tsaya ban iya godiya ba, ban iya zagi ba. Na ce Allah ya bar zumunci, ya ce in tafi in ba shanuna buta.

Da ruwa ya sauka muka fara namu wahalar. Kada wani ya ce maka abin nan hutu ne. Duro biyu a kan amalanke, a cika su da baƙin kunun nan bokiti-bokiti, shanu su ja, a je a bi layi ana zubawa, a yi huɗa a rufe. Ni da ƙanena muka yi, shi da ya manta yadda ake riƙe garma. Kunun ya fantsama mana har cikin kunne. Mutane suna tsayawa a hanya suna kallon masu yi wa gona kunu. Gefen da taubashina ya zuba nasa ban sa masa ko ɗigo ba, na baje shi yadda aka saba. Muka shuka gero da dawa, daga baya wake a tsakani. Na yi addu'ar da ban taɓa yin irinta a bakin gona ba.

Tsiro ya fito duka, wannan ba ya nuna komai, ko a yashi tsiro yana fita. A wajen noman firi na fara ganin abu. Duk manomi ya san inda tsibin taki ya zauna nan ciyawa take yin gashi, domin irin da dabba ta ci yana fitowa da ransa. Gefen yamma haka ya yi, na sha fama. Da na tsallaka inda aka zuba baƙin kunun, fartanya sai tafiya take. Ciyawa akwai, amma jifa-jifa. Ashe ramin ya kashe irin. Sai wani tsoron ya kama ni, na ce abin da ya kashe ciyawa kada ya zama bai bar komai da rai ba.

Bai daɗe ba geron ya ba ni amsa. Ya yi wani kore mai duhu, har yana ɗaukar ido, ganyen da faɗi, gindin da kauri. Ya riga na yamma tashi. Nakan je da sassafe in tsaya kawai. Abin nan mai sanyi, wanda ƙuda ya ƙi, shi gero yake sha kamar ya daɗe yana jiran sa. Gaskiya kuma sai na faɗe ta duka: da aka yi ɗan fari a tsakiyar damina, gefen taubashina ya fi riƙe laima, nawa ya fara lanƙwashe ganye kafin nasa. Kwanakin nan ban yi barcin kirki ba. Da ruwa ya dawo suka miƙe tare. Lokacin da aka fitar da kai, in ka tsaya a hanya ba za ka nuna inda takinsa ya ƙare nawa ya fara ba.

Muka yi girbi, muka ɗaure, muka kai gida. Ni na shiga rumbu ina jera dammuna, ƙanena yana miƙo mini. Gero ya hau, dawa ta hau a kansa. Ina jerawa ina satar kallon tsagin nan na bango, har na neme shi na rasa, dami ya rufe shi. Na leƙo na ce saura nawa a ƙasa. Ya ce da saura. Matata tana tsaye daga nesa da tsintsiya, ta ji. Ta juya ta ci gaba da shara, da hannun da a da ba ya ɗaguwa.

Na zauna a bakin rumbun ƙafata tana lilo. Abin da nake tunani shi ne zafin nan da nake ji in na cusa hannu a juji, da warin da yake hawa kai. Shekara da shekaru ina ɗauka shi ne ƙarfin taki. Ban san ko daidai na fahimta ba, amma yanzu gani nake abu biyu Allah ya ajiye a cikin kashin nan, rabon gona daban, wuta daban, kuma ɗaya bai ci na ɗaya ba. Ubana ya ɗauke shi a mangala har ya rasu, kakana ma haka, suna jan guga da hannu, wutar tana tare da su a bayan ɗaki ba wanda ya gan ta. Sai a zamanina, ni da ban fi su komai ba, aka nuna mini ita. Har gobe in na ji injin ya kama da safe sai na dakata da abin da nake yi.

Na kai wa taubashina dami daga gefen yamma, na ce na jakinsa ne mai ɓatan kai. Ya karɓa, ya ce ai takinsa ne ya riƙe gonar duka, ƙamshinsa ne ya ratsa sauran. Ban yi musu ba. Yanzu matarsa a tankinmu take aiko a ɗebi ruwa, shi kuma yana aiko mana da ɗanyen kashi a kwanon sarki, yana cewa sadaka ce ga masai.

Shekarar ƙanena ta cika, ban karɓe kashina ba. Mun koyi zuba ƙaiƙayi a cikin ramukan bayan don abin ya yi jiki ya riƙe laima. Abu ɗaya ne na kasa sabawa da shi, ganin gonar fayau da bazara. Don haka duk rani nakan ɗaura wa jaki mangala, in ɗebi toka da kashin awaki, in je in jera 'yan tsibi a bakin hanya, inda masu wucewa za su gani. Gonar ba ta bukatar su sosai. Na dai gaji da amsa wa mutane cewa lafiyata ƙalau.